Hedley Verity: Matashin da ya sauya salon jifa ya kafa tarihi a wasan kurket

A ranar 12 ga Yulin 1932, a filin Headingley da ke birnin Leeds na ƙasar Ingila, wani ɗan wasan kurket mai shekara 27 ya fitar da 'yan wasa 10 na ƙungiyar Nottinghamshire shi kaɗai, kuma maki 10 kacal suka samu daga jifansa. Yau sama da shekara 90 ke nan, babu wanda ya goge wannan tarihi a manyan wasannin kurket na duniya. Sunan matashin Hedley Verity, wanda shekara biyar kafin wannan rana ƙungiyar yankinsa ta Yorkshire ba ta ga dalilin ɗaukarsa ba.

A wasan kurket, mai jifa yakan wurga ƙwallo ta daki ƙasa kafin ta isa ga mai riƙe da sanda, wanda ke tsaron wasu turaku uku da aka kafa a bayansa. Idan ƙwallon ta bugi turakun, ko mai sandar ya buga ta aka cafe kafin ta faɗi, to an fitar da shi. Masu jifa kashi biyu ne. Akwai masu dogaro da gudun ƙwallo, akwai kuma masu murza ta da yatsu ta tafi a hankali, da zarar ta taɓa ƙasa sai ta karkace ta yaudari mai sanda. A kashi na biyun Verity ya yi suna, amma da na farkon ya soma.

An haife shi ranar 18 ga Mayun 1905 a unguwar Headingley, daga baya iyayensa suka koma garin Rawdon. Mahaifinsa mai sayar da kwal ne, kuma da yaron ya bar makaranta yana shekara 14, a wurinsa ya kama aiki. Uban ya lura da inda zuciyar ɗansa ta karkata, saboda haka yakan sassauta masa aiki ya tafi atisaye. Verity bahago ne, yana jifa da matsakaicin gudu, kuma ya yi fice a ƙananan ƙungiyoyin Rawdon da Horsforth. Sai dai Yorkshire tana da masu irin wannan jifa fiye da buƙatarta.

A shekarar 1927 ya tsallaka yankin Lancashire, inda ƙungiyar Accrington ta ɗauke shi a matsayin ɗan wasa mai albashi. Kakar ba ta yi masa daɗi ba. Da shekara ta zagayo sai ya koma ƙungiyar Middleton, duk da cewa kuɗin da take biya bai kai na Accrington ba, domin a can ya sami sararin gwada sabon salo ba tare da matsi ba.

Dalilin neman sabon salon kuwa shi ne wani gurbi da ke shirin buɗewa a gida. Tun ƙarni na 19 Yorkshire ta saba da bahagon mai murza ƙwallo, daga Ted Peate zuwa Bobby Peel, sannan Wilfred Rhodes, wanda ya riƙe matsayin tun 1898 har ya haura shekara 50. Rhodes da tsohon ɗan wasa George Hirst, wanda ke horar da matasa, suka ba Verity shawara ya koma murza ƙwallo. Ga mutumin da ya riga ya haura shekara 20, kuma da tsohon jifansa yake cin abinci, karɓar wannan shawara tamkar komawa ajin farko ne. Ya karɓa. A kakar 1929 ya fitar da 'yan wasa 100 a Middleton.

Ya fara buga wa Yorkshire wasa a watan Mayun 1930 a karawarta da Sussex, yana shekara 25, lokacin da sa'o'insa da dama sun daɗe da kafuwa. A wannan kaka, wadda ita ce ta ƙarshe ga Rhodes, dattijon ya riƙa zama da shi bayan wasa yana nuna masa kurakuransa ɗaya bayan ɗaya. Verity ya kammala kakar da fitar da 'yan wasa 64, kuma babu mai jifa a faɗin Ingila da aka ci ƙarancin maki a kan kowane mutum da ya fitar kamarsa.

Dogo ne, ƙwallonsa ta fi ta sauran masu murzawa sauri, kuma yana sauke ta daidai inda ya nufa sau bayan sau. A wancan zamani ba a rufe fili idan ana ruwan sama, don haka idan rana ta fito ƙasa ta soma tsanewa, ƙwallonsa takan yi tsalle ta karkace yadda mai sanda ba zai iya karanta ta ba. Ranar 18 ga Mayun 1931, ranar da ya cika shekara 26, ya fitar da 'yan wasan Warwickshire 10 a kan maki 36. A shekarar ce kuma ya fara buga wa Ingila wasa, a karawarta da New Zealand.

A watan Yunin 1934, a filin Lord's da ke Landan, ya fitar da 'yan Ostireliya sau 15 a wasa guda, 14 daga ciki a yini ɗaya. Don Bradman, wanda ake ɗauka gwarzon masu sanda na kowane zamani, ya faɗi a hannunsa sau takwas a wasannin ƙasa da ƙasa, adadin da babu wani mai jifa da ya kai. A kaka 10 da ya yi, Yorkshire ta lashe gasar yankunan Ingila sau bakwai.

Wasansa na ƙarshe ya zo ranar 1 ga Satumbar 1939, ranar da Jamus ta afka wa Poland, inda ya fitar da 'yan Sussex bakwai a kan maki tara. Daga nan ya shiga soja a rundunar Green Howards, ya kai muƙamin kyaftin. A watan Yulin 1943, yana jagorantar dakarunsa a wani hari kusa da Catania a tsibirin Sisili, aka raunata shi a ƙirji, sojojin Jamus suka kama shi. Ya rasu ranar 31 ga Yuli a garin Caserta na Italiya yana da shekara 38, kuma a maƙabartar sojoji ta garin aka binne shi.