Igor Dyatlov

Igor Alekseyevich Dyatlov (13 ga Janairu, 1936 – Fabrairu, 1959) ɗalibi ne ɗan Tarayyar Sobiyet wanda ya jagoranci matasan da suka mutu a tsaunukan Ural cikin wani yanayi mai ɗaure kai. Da sunansa ake kiran mashigar tsaunin da abin ya faru.

Farkon rayuwa

An haife shi a garin Pervouralsk. Ya yi karatun injiniyan rediyo a Kwalejin Fasaha ta Ural da ke Sverdlovsk, wato Yekaterinburg ta yanzu, inda ya yi suna wajen shirya doguwar tafiya a kan dusar ƙanƙara.

Tafiyar ƙarshe

A ranar 23 ga Janairu, 1959, ya bar Sverdlovsk a jirgin ƙasa da ayarin mutum goma, maza takwas da mata biyu, da nufin kaiwa tsaunin Otorten. Ranar 28 ga wata ciwo ya tilasta wa Yuri Yudin komawa, shi kaɗai ne ya tsira. Sauran taran suka kafa tanti a gangaren tsaunin Kholat Syakhl ranar 1 ga Fabrairu.

Da aka ji su shiru, sai aka fita nema. Ranar 26 ga Fabrairu aka ga tantin an yanka shi daga ciki, ga takalma da kayan sanyi an bari a nan. Sawayen ƙafa sun gangara zuwa bakin daji, tafiyar kusan kilomita ɗaya da rabi. A gindin wata bishiya aka tarar da gawa biyu kusa da burbushin wuta. Gawar Dyatlov tana kimanin mita 300 daga bishiyar, da alama yana ƙoƙarin komawa tanti ne sanyi ya kashe shi. Mutum huɗu na ƙarshe kuwa sai a watan Mayu aka tono su daga wani kwazazzabo. Biyu haƙarƙarinsu ya karairaye, ɗaya ƙoƙon kansa ya fashe, gawar Lyudmila Dubinina kuma babu harshe.

Bincike

Da fari an zargi 'yan ƙabilar Mansi mazauna yankin, amma ba a same su da laifi ba. Mai bincike Lev Ivanov ya rufe shari'ar a Mayun 1959, ya ɗora alhakin a kan wani ƙarfi da matasan suka kasa tsayawa gabansa, bai kuma fayyace ko mene ne ba. Hukumomin Rasha sun sake buɗe batun a 2019, suka yanke a 2020 cewa zaftarewar dusar ƙanƙara ce. A 2021 masana biyu a Suwizalan, Johan Gaume da Alexander Puzrin, suka nuna da lissafi cewa falle guda na daskararriyar dusar ƙanƙara zai iya yin irin wannan rauni. Duk da haka, wasu dangin mamatan ba su gamsu ba.

A labaran ban tsoro

Giɓin da binciken 1959 ya bari shi ne marubuta suka cike da dodanni, makaman sirri da halittun sama, galibi ba tare da hujja ba. Anna Matveyeva ta rubuta littafi a kan lamarin. Fim ɗin Devil's Pass na Renny Harlin ya fito a 2013, wasan kwamfuta mai suna Kholat ya biyo baya a 2015.

An binne Dyatlov a maƙabartar Mikhailovskoye da ke Yekaterinburg.