Sarkin Kano Abdullahi Bayero da Farkon Aikin Lafiya na En'e

Abdullahi Bayero ɗan Sarki Abbas ne, jikan Abdullahi Maje Karofi. An haife shi a 1881, ya yi karatun Alƙur'ani da na ilmi, ya riƙe sarautar Ciroma da hakimcin Bichi. Da Sarki Usman ya rasu a 1926 aka naɗa shi, shi ne na goma a jerin sarakunan Fulani na Kano.

Birnin da ya gāda kuwa cike yake da arziki, cike da cuta. Tun da jirgin ƙasa ya iso a 1911 gyaɗa ta yi daraja, baƙi suka yi ta kwararowa, Baitulmali ya cika. Amma ruwan da jama'a ke sha daga rijiyoyi yake, waɗansunsu kusa da shadda. Kududdufan da aka haƙa don ɗibar ƙasar gini su ne matattarar sauro. Agana takan bi gida gida, wanda ta bari da rai ta bar masa zane a fuska, ko ta ɗauke masa idanu. In iska ta bushe, ga sanƙarau.

Cikin shekarunsa na farko aka gina Asibitin Birni a cikin ganuwa, wanda daga baya aka sa wa sunan Murtala Muhammad. Gina shi a nan ba ƙaramin abu ba ne, don a lokacin mutane da yawa sun fi yarda da wanzami da mai magani bisa likita, ba kuwa za su fita bayan gari neman abin da suke tsoro ba. Sannan ga babban aiki, wanda kuɗin En'e suka ɗauka: aka haƙa rijiyoyi a cikin rairayin kogin Calawa, injuna suka tura ruwan zuwa tanki a kan Goron Dutse, daga can ya gangaro wa birni ta famfo. A 1931 aka buɗe shi tare da wutar lantarki. A shekarar da ta biyo aka kafa makarantar koyon aikin tsabta a Kano, wadda ta riƙa fitar da duba-gari.

Aikin duba-gari ya fi na injin wuya. Shi zai leƙa randa, ya duba kwata da mahauta, ya kai ƙarar mai ƙazanta gaban alƙali, a garin da namiji baƙo ba ya wuce zaure. Haka mai lamba, da ya doshi ƙauye sai a ɓoye yara. Takardar likita ba ta buɗe irin wannan ƙofa, sai umarnin Sarki, wanda ke bin hakimi zuwa dagaci, daga dagaci zuwa mai unguwa. Ta wannan hanya lamba da tsabta suka isa gundumomi masu nisa irin ƙasar Karaye, wadda Rogo ke cikinta a wancan zamani. Abin lura shi ne, kogin nan na Calawa ta ƙasar Karaye yake bi kafin ya kai Kano, amma mutanen can sun daɗe suna shan rijiya da tafki bayan birni ya sami famfo. Rabon bai zo daidai ba, birni ya ci kaso mafi tsoka.

Sarki ya ziyarci Ingila a 1934, ya yi aikin Hajji a 1937, shi ya sa ake ce masa Sarki Alhaji. A ƙarshen zamaninsa aka sāke gina babban masallacin Juma'a. Ya rasu a watan Disamba na 1953, bayan shekara 27 a kan gado, ɗansa Ciroma Muhammadu Sanusi ya gaje shi. Allah ya jiƙansa, amin.