Yarima Max na Baden: Basaraken da ya Sanar da Murabus ɗin Sarkinsa

A wannan fitowa na zaɓi in kawo muku tarihin wani ɗan sarauta na ƙasar Jamus wanda ya riƙe gwamnati na kwana 37 kacal, amma a cikin kwanakin nan ne sarautar Jamus ta zo ƙarshe, kuma daga bakinsa aka ji sanarwar.

An haifi Yarima Max a garin Baden-Baden ranar 10 ga Yuli, 1867. Ya karanta fannin shari'a, sannan ya shiga soja kamar sauran 'ya'yan sarakuna na lokacin. A 1907 ya zama mai jiran gadon sarautar Baden, domin ɗan'uwansa da ke kan karaga bai haihu ba, kuma a shekarar ce ya fara shugabantar majalisar dattawan jihar. Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke a 1914 bai daɗe a fagen daga ba saboda rashin lafiya. Sai ya koma aikin agaji da ƙungiyar Red Cross, yana kula da fursunonin yaƙi. A 1917 ya nuna rashin amincewarsa da shawarar barin jiragen ƙarƙashin teku su riƙa nutsar da kowane jirgi ba tare da gargaɗi ba, shawarar da ta jawo Amurka cikin yaƙin. Wannan ya sa aka san shi da sassaucin ra'ayi a gida da waje.

To, wannan suna ne ya kai shi ga mulki. A ƙarshen Satumbar 1918 manyan hafsoshi, Hindenburg da Ludendorff, sun tabbatar cewa an ci su da yaƙi, suna neman wanda abokan gaba za su saurara. Ranar 3 ga Oktoba Sarki Wilhelm na Biyu ya naɗa Max shugaban gwamnati. Bai so a yi gaggawar neman tsagaita wuta ba, amma sojoji suka matsa masa, ya aika wa Shugaba Wilson na Amurka takarda. Ya shigo da 'yan jam'iyyar SPD cikin gwamnati, ya ga bayan Ludendorff ranar 26 ga Oktoba, bayan kwana biyu kuma aka gyara tsarin mulki yadda shugaban gwamnati zai dogara da amincewar majalisa.

A nan ina so mai karatu ya lura da wani abu. Cikin makonnin farko wata jarida a Suwizalan ta buga wasiƙar da ya taɓa rubuta wa wani ɗan'uwansa a Janairun 1918, inda ya yi ba'a ga ƙudurin zaman lafiya na majalisa da kuma mulkin majalisa shi kansa. Saura ƙiris ya rasa kujerarsa. A ganina, sassaucin Max na basarake ne mai son a gyara gida don kada ya rushe. Bai taɓa neman jamhuriya ba.

Gyaran ya zo a makare. Sojojin ruwa suka yi bore a Kiel, tarzoma ta bazu zuwa manyan birane, Sarki ya tare a hedikwatar soja da ke Spa ta Beljiyam yana jan ƙafa kan batun murabus. Da tsakar ranar 9 ga Nuwamba, ma'aikata sun cika titunan Berlin, Max ya sanar cewa Sarki ya sauka, alhali bai sami izininsa ba. Ya miƙa muƙaminsa ga Friedrich Ebert na SPD, abin da tsarin mulki bai ba shi ikon yi ba. Fatansa a ceci sarautar ko da Wilhelm ya tafi, sai dai kafin yamma Scheidemann ya yi shelar jamhuriya. Masu ra'ayin riƙau sun ɗauke shi maci amana har ƙarshen rayuwarsa.

Daga nan ya bar siyasa ya koma gidan iyalinsa a Salem. A 1920 shi da sakatarensa Kurt Hahn suka buɗe makarantar kwana a can, wadda Yarima Philip, mijin marigayiya Sarauniya Elizabeth ta Biyu, ya halarta a 1933. Max ya wallafa littafin tarihin rayuwarsa a 1927, ya rasu a Konstanz ranar 6 ga Nuwamba, 1929, yana da shekara 62.