Jak Kusto: Bafaranshen da iyo ya gyara wa hannu, ya ƙare yana kare dabbobin teku

Mu mutanen Aliero ba sai an yi mana dogon bayani a kan karaya ba. Bayan albasa, babu abin da aka san garin nan da shi kamar ɗori. Daga Jega da Maiyama, har daga jihohi masu nisa, ake kawo mutum kwance a bayan mota, kuma kowa ya san ba a cewa ɗori ya yi kyau sai ranar da mai karaya ya taka ƙafarsa ya koma gida. Da wannan ma'aunin nake son mu duba rayuwar Jacques Cousteau, wanda ake furta sunansa Jak Kusto, domin shi ma da karaya labarinsa ya soma.

An haife shi ranar 11 ga Yunin 1910 a wani ƙaramin gari kusa da Bordeaux a Faransa. Ya shiga makarantar sojan ruwa a 1930, amma burinsa tuƙin jirgin sama ne. Ana cikin haka ya yi mummunan hatsarin mota, hannayensa biyu suka karye. Likitoci suka ba da shawarar a yanke ɗaya, ya ce bai yarda ba. Maganar jirgin sama dai ta mutu daga nan. Da aka tura shi Toulon a gaɓar Bahar Rum, sai ya riƙa iyo kullum don hannun ya yi ƙarfi. A 1936 abokinsa Philippe Tailliez ya ara masa tabarau na shiga ruwa, ya leƙa ƙasa ya ga wata duniya da bai san da ita ba. Shi ke nan fa.

A 1943 shi da injiniya Émile Gagnan suka ƙera na'urar da ke sakar wa mai nutso iska daga tukunyar da ya goya, daidai lokacin da ya ja numfashi. Kafin nan galibi ko dai ka riƙe numfashinka kamar gwanayen nutso na Argungu, ko a saka maka ƙatuwar hular ƙarfe da tiyo daga jirgi. A 1950 ya samu tsohon jirgin yaƙi mai suna Calypso, ya mai da shi gidansa da ofishinsa. Fim ɗinsa na 1956, Le Monde du silence, ya ci babbar kyautar bikin finafinai na Cannes, ya kuma ci Oscar.

Ni da nake karantar aikin jarida, abin da ya fi tsaya mini a fim ɗin nan shi ne ɓarnar da ke ciki. An nuna mutanensa suna fasa nakiya a ruwa don su ƙirga kifin da ya mutu. An nuna jirginsu ya yanke ɗan jaririn dabbar whale da farfela, sannan suka far wa kifayen shark da suka zo cin gawar. Duk a gaban kyamara, kuma duniya ta tafa. Wato mutumin da aka sani yau da kare teku bai faro a haka ba ko kaɗan.

A 1957 aka naɗa shi shugaban gidan nazarin teku na Monako, inda ake ajiye halittun ruwa a tankuna. Nan ne ya haɗu da darasin dolfin. Mutanensa suka kamo su daga teku don a yi nazarinsu, amma ba su daɗe a tankin ba suka mutu.

Bari in tsaya a nan kaɗan, don yawancinmu a waya kawai muka taɓa ganin dolfin. Duk da kamarsa da kifi, dabba ce mai haihuwa da shayarwa, kuma iska take shaƙa ta wata kafa a tsakar kanta. A garke suke rayuwa. Suna fitar da sauti su saurari dawowarsa, da haka suke gane hanya da abinci, abin da Kusto ya yi hasashensa tun a littafinsa na 1953. To ka ɗauki irin wannan dabba, ka raba ta da danginta, ka sa ta tsakanin bangon siminti huɗu. Me kake tsammani? Daga baya Kusto ya fito fili yana adawa da tsare dolfin don kallo da nishaɗi.

Sai dai adawa da kamu daban, jinyar wanda ya ji rauni daban. Dolfin da koma ta sarƙe, ko farfela ta yanka, ko ruwa ya watso shi gaɓa, in ba a taimake shi ba mutuwa zai yi. A cibiyoyin ceto na yau, wanda ya galabaita har ba ya iya ɗago kai, mutane ne ke shiga ruwa su tallafe shi, ana karɓa-karɓa dare da rana, don in ya nutse ruwan da yake ciki ne zai kashe shi. Daga kifin da yake ci yake samun ruwan jikinsa, don haka da ya daina ci sai ƙishirwa ta kama shi a tsakiyar ruwa, dole a zura masa tiyo a ba shi ruwa da niƙaƙƙen kifi. Ana ma gwada jinsa kafin a sake shi, saboda kurman dolfin ba zai iya farauta ba. Wanda kuma aka tsinta yana jariri, bai koyi neman abinci wurin uwa ba, galibi a cibiyar zai ƙare rayuwarsa.

Jinyar da ta fi shahara a aikin Kusto kuwa ta wata dabba ce da mu 'yan Kebbi muka sani: ayu. A 1969 wani ayu ya maƙale a magudanar ruwa a birnin Miami na Amurka. Aka ciro shi, aka laƙaba masa suna Sam, aka yi jinyarsa kimanin shekara biyu a gidan halittun ruwa na birnin. A 1971 Kusto da mutanensa suka kai shi Crystal River a jihar Florida, suka bar shi ya saba da wurin, sannan suka sake shi. Shirin talabijin da suka yi a kai ya fito a 1972, ya sa Amurkawa da yawa suka fara damuwa da ayu. A ganina wannan ne ɗorinsa da ya yi kyau, tunda mai jinya ya koma gida.

Ɗan uwan wannan ayun yana nan a kogin Neja, har wajen Yawuri da tafkin Kainji, kuma yana cikin dabbobin da ke fuskantar barazanar ƙarewa. Amma tambayi matashi a tashar Jega me ya sani game da ayu, wallahi man ayu zai fara ce maka, wanda ake tallarsa a kwalabe da sunan maganin mallaka. Wanda ya faɗa a komar masunci a Yawuri, wa zai yi jinyarsa shekara biyu?

Sauran shekarun Kusto sun haɗa da nasara da baƙin ciki. Ya kafa ƙungiyarsa ta kare teku a farkon shekarun 1970. Ɗansa Philippe, wanda ake sa ran zai gaje shi, ya mutu a hatsarin jirgin sama kusa da Lisbon a 1979. Ya yi kamfe sosai kan hana haƙar ma'adinai a yankin ƙanƙara na Antatika, aka sa hannu a yarjejeniyar hanin a Madrid a 1991. Calypso ta nutse a tashar jiragen ruwan Singafo a 1996 bayan wani jirgi ya buge ta. Shekara guda bayan haka, ranar 25 ga Yunin 1997, Kusto ya mutu a Paris yana da shekara 87, aka kai shi garin da aka haife shi aka binne.