Shehu Ahmadu Baba As-Sudani, Malamin Tumbutu

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Shugaban halitta, da alayensa da sahabbansa.

An haifi Shehu Ahmadu Baba, Allah Ya ƙara masa yarda, a shekarar 963 bayan hijira (1556), cikin gidan Aƙit, gidan malamai da alƙalan Tumbutu. Ya fara karatu wurin mahaifinsa, sannan ya lazimci Shehu Muhammadu Bagayogo shekaru masu yawa, ya sha fiƙihun Malikiyya da hadisi da nahawu a hannunsa. Duk inda ya ambaci wannan malami nasa, da ladabin almajiri yake ambatonsa.

A 1591 rundunar Sarkin Maroko, Ahmadul Mansur, ta ƙetaro Sahara da bindigogi, ta karya daular Songai a Tondibi. Da malaman Tumbutu suka ƙi ba da kai, sai aka kama Shehu da danginsa a 1593, aka wawashe littattafansa, waɗanda shi da kansa ya ƙidaya su dubu ɗaya da ɗari shida. Aka tasa su cikin mari zuwa Marrakesh. A hanya ya faɗo daga raƙumi ya karye a ƙafa.

Bayan shekara biyu a tsare aka sassauta masa, amma aka hana shi komawa gida. Sai ya zauna karantarwa a Masallacin Sharifai. Wanda aka kawo a ɗaure, ga shi alƙalai da muftai suna durƙusawa gabansa da littattafai. A can ya rubuta Nailul Ibtihaji, tarihin malaman Malikiyya, ya sa malaman ƙasarsa a sahu ɗaya da na Fas da Alƙahira.

Ana yi masa laƙabi da As-Sudani. A Larabci, Sudan na nufin baƙaƙe, Biladus Sudan kuwa ƙasar baƙar fata. A bakin fataken bayi na lokacin, kalmar ta kusa zama daidai da bawa. Shehu bai guje mata ba, ko da yake asalin gidansu Sanhaja ne, kuma da ya so ya fake da wannan nasaba, da ya fake. Ya riƙe sunan ƙasar da ta raine shi, ilminsa ya ɗaukaka sunan.

A 1608, bayan rasuwar Mansur, aka bar shi ya koma Tumbutu. A 1615 tambayoyi suka zo masa daga Tuwat game da baƙaƙen da ake kai wa kasuwannin arewa. Amsarsa ita ce littafin Mi'irajus Su'udi. Ya bi hukuncin fiƙihun zamaninsa kan bauta, amma ya tsaya kai da fata cewa launi ba ya mai da mutum bawa. Ya rushe labarin da ake yaɗawa wai baƙi la'ana ce da ta sauka kan zuriyar Hamu ɗan Annabi Nuhu, ya bi Ibnu Khaldun wajen danganta launin fata da yanayin ƙasa. Ya lissafa ƙasashen da Musulunci ya kafu a cikinsu tun da daɗewa, har da Borno, Songai, Kano, Katsina da Gobir, ya haramta mallakar Musulminsu, ya rinjayar da a gaskata wanda ya fito daga cikinsu in ya ce shi ɗa ne. Ke nan kakannin Katsinawan Maraɗi da Gobirawan Tsibiri suna cikin waɗanda alƙalaminsa ya kare.

Darasin da ke nan ga muridi babba ne. Baƙin da Shehunan tarbiyya ke tsoratarwa a kansa shi ne baƙin zuciya, wanda girman kai da hassada ke haifarwa, zikiri da tuba ke wankewa. Baƙin fata kuwa rinin Mahalicci ne. Mai jin kunyarsa ya raina aikin Ubangijinsa, mai taƙama da shi don ya raina wani ya faɗa ramin da ya gudo.

Shehu ya rasu a Tumbutu a 1036 (1627). Cibiyar adana tsofaffin rubuce-rubuce ta garin tana ɗauke da sunansa har yau. Allah Ya haskaka makwancinsa, Ya amfanar da al'umma da ilminsa. Amin.