Tarihin Matsuo Basho, mawaƙin Japan da ya ci sunan ayaba

Yau mun leƙa ƙasar Japan, mun ɗauko muku tarihin wani mawaƙi da ya rasu sama da shekara 300, amma har gobe yaran makaranta na can suna haddace baitocinsa.

An haifi Matsuo Basho a 1644 a yankin Iga. Yana saurayi ya shiga barantaka gidan wani ɗan sarauta, Todo Yoshitada, mai son waƙa, tare suke tsara baitoci. A 1666 ubangidan nasa ya rasu, yaro ya rasa madogara. A 1672 ya nufi Edo, wato Tokyo ta yanzu, neman abin kansa. Can ya yi suna, ya tara almajirai, ana biyan sa yana gyara wa mutane waƙa.

To, a 1680, daidai lokacin da kasuwarsa ke ci, sai ya bar tsakiyar birni ya koma wata bukka a Fukagawa, bakin kogi. Wani almajirinsa ya dasa masa ayaba a ƙofar bukkar. Irin wannan ayaba sunanta basho da Japananci, sunan ya bi shi ke nan. Ba a daɗe ba gobara ta cinye bukkar a ƙarshen 1682, shekara ta zagayo mahaifiyarsa ta rasu. Daga 1684 ya kama yawo.

Waƙar tasa fa? Gajera ce ƙwarai: gaɓa 17 kacal, a jere 5, 7, 5. Ku ƙirga, kalmar damina kaɗai gaɓa 3 ce, kun ga babu wurin surutu. Kuma dole a sa kalmar da za ta nuna lokacin shekara, kamar mu ce hazo, kowa ya san hunturu ne. A zamaninsa hokku ake ce mata, ita ce baitin buɗe doguwar waƙar da mawaƙa ke haɗawa a zaune, wannan ya yi, wancan ya amsa. Sai a ƙarshen ƙarni na 19 Masaoka Shiki ya yaɗa sunan haiku. Da, abin raha ne da wasa da kalmomi. Basho ya sa mata nauyi, ya dubi kwaɗo da hankaka da ruwan sama, abubuwan da kowa ke wucewa bai kula ba.

A 1689 ya rabu da bukkarsa, shi da almajirinsa Sora suka nufi arewa, bai san ko zai dawo da rai ba. Sun yi wajen kwana 150, tafiyar kilomita kusan 2,400, yawanci a ƙasa. Labarin tafiyar shi ne littafinsa Oku no Hosomichi, da aka buga a 1702.

Bai ga fitowarsa ba. A 1694 ciwon ciki ya kama shi a Osaka, yana kan wata tafiyar, ya cika almajiransa na zagaye da shi. An binne shi a Otsu, kusa da tafkin Biwa, inda ya yi wasiyya a kai shi.