Evangeline Booth, matar da donat ya ɗaukaka cocinta a Amurka

Duk ranar Juma'ar farko ta watan Yuni, Amurkawa na bikin ranar donat, wato wannan fanken nasu mai rami a tsakiya. Da na bi asalin bikin domin darasin tarihi da nake koyarwa, sai ya kai ni ga wata mai wa'azin Kirista, Evangeline Booth.

An haife ta a Landan ranar 25 ga Disamba 1865, ita ce ta bakwai cikin 'ya'ya takwas na William Booth, wanda ya kafa cocin Salvation Army, wato Rundunar Ceto. Coci ne mai tsarin soja, da kaki da muƙamai, har shugabansa Janar ake ce masa. Tun tana budurwa takan sa tsummokara ta shiga unguwannin talakawa tana tallar furanni, don ta ɗanɗana irin rayuwarsu. A 1896 wanta Ballington ya ɓalle ya kafa tasa ƙungiyar a Amurka, uban kuwa ita ya tura New York ta hana sauran mabiya watsewa. Ta jagoranci reshen Kanada, sannan a 1904 aka damƙa mata Amurka, inda ta shekara 30.

A lokacin, mutane da yawa kallon masu ganga da kakaki a bakin titi kawai suke yi wa 'yan cocin. Yaƙin Duniya na Ɗaya ne ya sauya lamarin. Da Amurka ta shiga yaƙin a 1917, Evangeline ta tura 'yan sa-kai kimanin 250 zuwa Faransa, su kafa bukkoki kusa da fagen fama. Samarin sojojin nan kewar gida ta ishe su, ga ruwan sama da taɓo. Abin da suke marmari shi ne gashin iyayensu mata, to amma ina tanda a bakin daga? Sai biyu daga cikin matan, Helen Purviance da Margaret Sheldon, suka duba abin da ke hannu: fulawa, sukari, kitse. Suka murza ƙullun da kwalba, suka soya a ɗan ƙaramin kasko. Ranar farko guda 150 suka samu, daga baya ya koma dubbai a kullum.

Ni dai a ganina, wayon Evangeline shi ne ba ta raina kaskon ba. 'Yar Ingila ce, amma ta gane abin da ke taɓa zuciyar yaron Amurka. Ba na mantawa fa cewa mai yaɗa addininta ce, kuma Baibul na nan ajiye gefen farantin. Duk da haka, shiga inda harsasai ke sauka don a soya wa wani abinci ba wasa ba ne.

Sojojin sun koma gida suna yabon cocin, gudummawa ta yi ta kwarara, kuma a 1919 gwamnati ta ba ta lambar girma. Ta zama Janar ta huɗu a 1934, mace ta farko a kujerar, har zuwa 1939. A zamaninta ne, a 1938, reshen Cikago ya ƙirƙiro ranar donat don tara wa mabuƙata kuɗi da tunawa da matan nan. Ba ta taɓa aure ba. Ta rasu ranar 17 ga Yuli 1950 a Hartsdale, jihar New York, tana da shekara 84.